Fankon Buhu Ba Ya Tsoron Baki

Doguwa, 3 ga Oktoba

'Yata Shamsiyya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na daɗe da jin wai akwai na'urar da ke sanin abin da ke rumbun mutum kafin maiɗakinsa ta sani. Na ce shaci-faɗi ne. Sai ga shi an ce ke kika tsara wa kamfanin da ke sayen masararmu irinta. To, jiya ta turo mana a-kori-kura ɗaya tal, alhali abin da muka tara sai tirela biyu. Direban har da riƙe ciki don dariya.

Kawunki, Abdulmumini

Bebeji, 6 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ni ban ga abin dariya ba. Ma'ajiya huɗu gare mu: Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. A kowace, wakili zai tambayi manoma yawan amfaninsu, ya shigar a waya, na'ura ta raba motoci. Ku duka Doguwa buhu arba'in kuka faɗa. Manaja ya ba ni mako biyu. In bai gyaru ba, su koma takarda, ni in koma gida.

'Yarka, Shamsiyya

Doguwa, 9 ga Oktoba

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Boko ya mantar da ke gida. Wane manomi zai faɗi samunsa gaban jama'a, kambun baka ya faɗa wa gonarsa? Ni kaina buhu uku na ce wa wakilinku, talatin kuwa na samu. Daina tambayar mutum masararsa. Tambayi Tani da ke raba fankon buhu a ma'ajiya. Ba mai karɓar talatin don ya zuba uku.

Allah ya yi albarka. Kawunki

Bebeji, 20 ga Oktoba

Kawu,

Barka da war haka. Na sauya tsarin. Yanzu masu raba buhu ke shigar da abin da ya fita. Inda babu sabis, waya ta riƙe sai ta samu ta aika. Kiru da Tudun Wada sun yi daidai. Manaja ya ce in ci gaba da aikina. Ka gode mini wa Inna Tani.

'Yarka

Doguwa, 23 ga Oktoba

'Yata,

Alhamdu lillahi, tirela biyu sun zo, sun tafi maƙil. Zancen na'urar nan ashe gaskiya ne. An sake faɗa mini shi yau a bakin rumbu, hannu a ƙugu: "Malam, waya ta ce talatin, kai ka ce mini goma."

Mai faɗin kuwa Balaraba ce, maiɗakina. Tana gaishe ki da kyau.

Kawunki