Ƙwai Shida a Rufin Ɗakinmu

Treichville, Abidjan

Zuwa ga maigidana, Baban Jannatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka da sauƙi. Ya jikin, ya idon? Ya Yaya Abdurrashid da iyalinsa, da duk mutanen Maraɗi? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Sharifa, na san ke ce mai karanta wa baffanki. Ki karanta a hankali, abin da kika ji kuma ya tsaya a bakinki.

Na koma ga takarda ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen zance. Da na ce yaushe za ka dawo, sai layi ya lalace a wajenka kai kaɗai. Direban motar Maraɗi ya isar mini da saƙonka: wai tunda idon hagu ya tafi, na dama kuma bayan aikin asibiti sai dishi-dishi, mai surfani ba shi da sauran amfani a Abidjan, gara ka zauna gidan yayanka da ka zame mini kaya. A rumfata ta kasuwar Treichville ya faɗa mini, na juya baya kamar ina gyara atamfofi na yi kukana. Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba.

Ka san silin ɗakinmu da ruwan sama ya ruɓar. Na ɗauki adashina, mai gidan haya ya amince, an sauke shi an buga sabo. Na tuna likitanka ya ce idon nan zai yi aiki in ya samu haske mai yawa daga sama, wanda ba ya yin inuwa. Mai gyaran wuta ya ce akwai ƙananan fitilun da ake binnewa cikin silin, guda shida za su wadaci wurin da kake shimfiɗa tabarmarka ta ɗinki.

Na hau gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, na tafi Adjamé, shagon Mika'ilu mai kayan wuta, wanda ka yi wa aikin wuyan rigar aurensa. Ya jera mini iri biyu, halojin da LED. Kuɗin LED ɗaya ya kusa sayen halojin uku. Amma ya ce halojin ɗaya yana shan wutar LED goma, kuma ba ya daɗewa yake mutuwa. Na kai hannu kusa da halojin ɗin na janye ba shiri. Shida irinsa a kanka cikin zafin garin nan, ai gasa ka zan yi kamar kifi.

Kai ma ka san ba na sayen abu da baki. Na tafi da zarenka guda biyu, baƙi da shuɗi mai duhu. A ƙarƙashin halojin kowanne ya fito da launinsa. LED mai arha, fari fat ɗin nan, ya mai da su abu ɗaya. Sai Mika'ilu ya ɗauko wani LED mai haske irin na hantsi, ya raba su sarai, shi kuma ya fi duka tsada.

Ban saya ba tukuna. Ina jiran shawararka, ko da yake na san abin da za ka ce. Jannatu na gaishe ka. Ka riƙa ɗiga maganin a kan lokaci.

Taka,
Zuwaira

*

Treichville, Abidjan

Baban Jannatu,

Sallama da gaisuwa. Ya ƙarfin jiki? Ina gaida Yaya da mutanen gida. Sharifa, sannu da ƙoƙari, rubutunki ya fi na Jannatu kyau, kada dai ki gaya mata.

Amsarka ta iso. Layi uku, malam, bayan na cika maka takarda gaba da baya. Ka ce in bar wahalar da kaina, in kuma na nace to in sayi mai arhar. Na ji, amma akwai abin da ka manta.

Sharifa ba ta san zaman gidanmu ba, bari in yi mata bayani. Ɗaki-ɗaki muke haya a tsakar gida guda, mitar wuta ɗaya ce ta kowa. In takardar kuɗin wuta ta zo, dattijon gidan, Baba Ɗan'azumi, shi ke rabawa. Ba ya duba abin da kowa ya sha, kai yake ƙirgawa: kowane ƙwan fitila kai ɗaya, fanka kai biyu, firij kai huɗu. Haka muka tarar, haka ake yi.

To, mai gyaran wuta ya ja ni gefe ya yi mini lissafi. Ya ce a gida irin namu halojin ne riba. Arha wajen saye, kuma komai wutar da ya zuƙa, kai shida zan biya, sauran ya watsu a kan maƙwabta. LED kuwa in saya da tsada, in biya kai shida, alhali duka shidan ba su kai tsohon ƙwanmu guda shan wuta ba. Jannatu ta buga a wayarta ta ce gaskiya ne, da Faransancinta mai sauri kamar ana korar ta.

Ba zan ɓoye maka ba, zancen ya shige ni. Adashin ya kusa ƙarewa a silin da fenti. Na fito tsakar gida ina ta juya abin, sai ga Ma Fanta mai sayar da aceke, dambun rogon nan, tana ɗaure kayanta a ƙarƙashin ƙwanta guda ɗaya tilo, wanda take kashewa ko bayi za ta shiga. Na ce yanzu tsohuwar nan za ta biya hasken mijina ba ta sani ba? Kuma na san ka. Ranar da ka gane, da hannunka za ka kwance su.

Washegari na ɗauki turmin shadda biyu da na ajiye don Sallah, na sayar, na koma Adjamé. LED mai hasken hantsi na saya. Mika'ilu ya rage mini wani abu, ya ce in gaishe ka.

Da aka gama ɗaurawa Baba Ɗan'azumi ya shigo ƙirga. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ya ce bai taɓa ganin ɗaki mai idanu ba. Na nuna masa kwalin, na yi masa bayanin ƙarancin shan wutarsu, na roƙi a ƙirga su kai biyu. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce: "'Yata, na yarda da ke. Amma ranar da na fara karanta kwali, gidan nan ba za a sake gaisawa ba. Shida ne."

Na fusata, har na wuce shi da safe da gaisuwar da ba ta kai zuci ba. Daga baya na huce, don na ga gaskiyarsa. Kai shida, da fanka, takwas ke nan a kanmu.

Ka ga dai ban bi shawararka ba. In kana da faɗa, ka zo ka yi shi a nan.

Matarka,
Zuwaira

*

Treichville, Abidjan

Baban Jannatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da kowa da kowa. Shiru ban ji daga gare ka ba, ko fushi ne?

Takardar wuta ta zo, an raba. Abin da ban yi tunani ba shi ya faru. Kawuna sun ƙaru da biyar, wutar da aka sha ba ta ƙaru ba, sai kason kowa ya sauka. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma a gidanmu an lura. Ma Fanta ta aiko mana da aceke da soyayyen kifi, ta ce fitilun Malam sun sauƙaƙa mata. Baba Ɗan'azumi kullum sai ya tambaye ni yaushe mai ɗakin zai zo ya ga abinsa.

Saboda haka maganar zama kaya ka ajiye ta. Kana can Maraɗi a zaune ma ɗakinka yana ɗauke wa mutane nauyi.

Yanzu saura abin da ya fi mini wuyar rubutawa. Sharifa, ki yi haƙuri. Fitilun nan sau ɗaya na kunna su. Haske ya cika ɗakin, ko inuwa babu, kamar yadda likita ya so. Sai ga tabarmarka, ga gwangwanin alluranka, ga tabon da kanka ya yi a bango wurin da kake jingina, wanda na hana mai fenti ya shafe. Da tsohon ƙwanmu ban taɓa ganin rashinka haka ƙarara ba. Na kashe. Tun daga ranar, da 'yar fitilar caji muke zama, Jannatu na ta mita wai muna biyan haske muna zaune a duhu.

Ban yi maka alkawarin za ka koma surfani kamar da ba, wannan na Allah ne. In idon ya iya, alhamdu lillahi. In bai iya ba, ka zauna a wurinka ka yi ta gyara mini lissafin kasuwa kana cewa na cika taurin kai. Ba allura na aura ba. Ina kewarka, kuma na gaji da nuna wa mutane ba komai.

Zuwaira

*

Treichville, Abidjan

Baban Jannatu,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Direba ya zo rumfa da kansa, ya ce ka kama kujera a motar mako mai zuwa. Na ba shi tukuicin da ya sa shi dariya. Ka yi wa Yaya godiya, Sharifa kuma atamfarta na hannun direba.

Ya ce ka ce kada kowa ya zo tarbarka, wai ka san hanya, ba ka so a ja ka a gaban mutane. Na ji. Ba wanda zai ja ka, ba wanda zai riƙe maka hannu. Amma tashar Adjamé ta ƙara cika tun tafiyarka, kuma ni ban iya jira a gida ba. Zan zo. In ka sauko kada ka yi ta waige-waige, ka dubi damanka kawai, ta wajen idon da ke gani zan tsaya.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka har kullum,
Zuwaira