Lallen Ƙafar Zara

Asabar da dare, Sabangali

Na yi wanka sau biyu, har yanzu akwai yashin bakin kogin Shari a kunnena. Yau ne wasana na farko a matsayin mai kula da lafiyar 'yan matanmu tun da na gama karatu.

Ƙwallon hannu na yashi minti goma ne kowane zagaye, amma babu takalmi, ga tsalle, ga juyi, ga zafin ranar ƙarfe uku. An koya mini in duba tafin ƙafa, in na ga ja to ƙuna ce. Sai dai shida cikin 'yan wasa takwas sun sha lallen wani biki da aka yi jiya. Duk ƙafar da na ɗaga ja ce!

Da aka tafi hutu na lura Zara tana takawa da gefen ƙafa. Na danna da yatsa, ta ciji leɓe. Bororo ne cike da ruwa, lalle ya rufe shi.

"Yaya Hauwa, don Allah ki yi shiru, saura minti goma."

Koci Isa ya ce, "Sabuwar likita, ita ke ci mana maki bibbiyu fa!"

Na ce in ya fashe yashi ya shiga, ciwo zai zama. Ba za ta koma ba.

Ya juya wajen 'yan benci. "Kalas, shi ke nan. Amina, shiga."

An cinye mu da maki uku. Zara ko kallona ba ta yi ba a mota.

Bayan magariba saƙon koci ya shigo: "Gobe ki zo da wuri ki danna ƙafar kowa. Har tawa."

Sau huɗu na karanta.