Kaset Ɗin Baba Ya Saki

Laraba da dare, Ƙanƙara

Kaina kamar zai tsage. Wata uku cur ni da abokaina muna gwajin waƙoƙin tsohuwar ƙungiyar jaz ta su Baba, Allah ya jiƙansa, don mu karrama su ranar Asabar. Yau na hau babur har Ketare na ɗauko Malam Idi, mai gangarsu, wanda shi kaɗai ya rage a raye. Na shimfiɗa masa tabarma ina ta washe haƙora, ina jiran yabo.

Na ɗaga ƙahon Baba muka fara. Ko rabi ba mu kai ba ya ɗaga hannu.

"Wa ya rasu?"

Na ce, "Ba kowa, Malam."

"To mi ya sa kuke busa kamar masu zaman makoki? Wagga waƙa da ita muke tada mutane rawa har takalmi ya tsinke!"

Ashe tsohon kaset ɗin da muka koya da shi ne ya saki, yana jan kiɗan a hankali, mu kuma muka haddace shi a haka. Malam Idi ya buga mana ainihin kiɗan a jikin benci. Na bi shi, numfashina ya ƙare, Sani mai jita ya ajiye ta ya fita. Saura kwana uku!

Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Shekara shida nake sauraren kaset ɗin nan ina hawaye, ina cewa Baba ya rayu da baƙin cikin da bai taɓa faɗa mana ba. Ashe mutumin rawa yake yi.