Ranar da Aka Ajiye Gwaggo

Zuwa ga uwar 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yaran da Inna. Yaya ƙafar tata? Ki ce mata ina gaishe ta, ta kuma daina hawa benen nan ita kaɗai.

Na ga saƙonki, na kuma ga faɗan da ke ciki. Kin ce wane irin miji ne ke da waya a aljihu amma sai dai ya aiko takarda kamar zamanin kakanni. Kina da gaskiya, yau zan faɗa miki abin da na daɗe ina ɓoyewa. Kunnuwana sun tafi. Na hagu ya mutu tun bara, na dama kuma saura kaɗan. Duk wayar da muka yi kina ta zuba ina cewa to, to, wallahi rabin maganar ban ji ba. Shekara ashirin da uku ina zaune gefen injin tankar yaƙi, dole wata rana ya karɓi rabonsa.

Ban da ke, Saje kaɗai ya sani, kwamandan tankarmu. Mu huɗu ne a ciki: shi a sama, mai harbi, Dogo mai ɗura harsashi, sai ni direba can ƙasa. Da ya lura ba na amsa shi ta na'urar kunne, bai kai ni gaba ba. Sai ya koma tsohuwar dabarar mutanen farko, tun kafin a san na'ura: ya miƙo ƙafa ya taɓa kafaɗata ta dama in juya dama, ta hagu in juya hagu, ya danna tsakiyar baya in tsaya. Wata goma sha ɗaya kenan yana tuƙa ni da takalmi kamar jaki. Dogo kullum tsiya yake mini wai rigata ce ta fi ta kowa datti a kafaɗa.

Yanzu ga damuwata. An kawo sababbin tankoki, za a ajiye tamu, wadda muke kira Gwaggo saboda ta girmi duk wanda ke cikinta. A al'adar rundunarmu, tankar da ta fi daɗewa ba a kai ta juji. Direbanta ne zai hau da ita dakalin ƙofar bariki a gaban fareti, ya kashe ta da hannunsa, a yi wa murfinta walda. Saura sati uku. Amma sati mai zuwa akwai gwajin lafiya, har da na kunne. In na faɗi, sauke ni za a yi, wani ya kai ta. Na gaji, uwar 'yan biyu, gwiwoyina ma sun gaji, amma wannan ɗaya dai ina so in yi.

Ki yi mini addu'a. Naki,
Direban Gwaggo

Zuwa ga uwar 'yan biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da kika ce 'yan biyu sun gama jarrabawa lafiya. Na ga kuma inda kika rubuta cewa da ma kin yi zargi, tun ranar da kika ce mini tukunyar gas ta ƙare na ce madalla. Na yi dariya har Dogo ya leƙo.

Na ci gwajin, amma ba ta hanyar Allah da Annabi ba. An saka ni a wani ɗan ɗaki, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji ƙara. Ban ji komai ba. Sai dai akwai gilashin kabad a gefe, ina hango hannun likita a ciki, in ya motsa yatsa ni ma in danna. Ya ce kunnena ya fi na wasu kurata. Na fito ina jin kunyar kaina, amma ban koma na gyara ba.

Kwanakin nan aiki ya yi mana yawa. Rundunarmu daga sojan doki ta samo asali, shi ya sa har gobe ba a yarda mutum ya ci abinci ba sai ya gama da tankarsa, yadda mahayi ke fara ba dokinsa ruwa. Jiya sai la'asar muka ga kwano. Mun ɗaure sarƙar ƙafarta, mun wanke bakin igwa, mun sake fenti. Wani ƙaramin hafsa ya zo yana tambaya me ya sa ake ɓata fenti a kan abin da za a ajiye. Saje ya dube shi kawai, har hafsan ya kama gabansa.

Abu ɗaya ke cina. Ranar faretin, a gindin dakali su ukun za su sauka, haka tsarin yake. Ni kaɗai zan hau da ita, murfi a rufe, ina kallon hannun mai ba da alama ta ɗan gilashin gaba. In na kashe inji za a busa begila, sannan in fito. Ba ƙafar Saje a wurin. Ya ce in ƙirga talatin bayan injin ya mutu, in buɗe kawai, ba wanda zai gane.

A gaida Inna. Naki,
Direban Gwaggo

Zuwa ga uwar 'yan biyu,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ni ma lafiya, sai gajiya.

An yi faretin shekaranjiya. Na hau da ita daidai, ko taku ɗaya ban kauce ba. Na ja birki, na ja sandar kashe mai. Sai injin ya ƙi mutuwa. Ina jin rurinsa sarai, kujerar ma tana rawa. Na sake ja, na sake, har hannuna ya yi ciwo. Na ce ikon Allah, yau da kowa ke kallo Gwaggo za ta kunyata ni? Ban fara ƙirgen ba, don ba a barin tanka tana aiki a fita, wannan tun muna kurata aka dasa mana shi.

Ashe minti bakwai na yi a ciki. An busa begila sau uku. Bataliya guda na tsaye a rana, Kanar na tsaye, tsofaffin sojojin da aka gayyato na tsaye da sandunansu. Sai na ga haske, Saje ya ɗaga murfin. Ya kama hannuna ya ɗora a jikin ƙarfen. Ko motsi babu. Tun jan farko ta mutu. Rurin a cikin kaina yake, rawar kuma jikina ne ke yi. Duk shekarun nan ƙarar Gwaggo ce ke rufe shi ban sani ba.

Na fito, na sara wa Kanar. Na ga bakinsa na motsi, ban san me ya ce ba, ya kuma gane ban sani ba. Jiya aka mayar da ni wurin likitan, wannan karon ya juya mini baya yadda ba zan ga hannunsa ba. An rubuta takardar sallamata. Saje ma an kira shi ofis, na roƙa a bar shi, na ce ni na ɓoye masa. Ban sani ba ko sun yarda.

Na wuce ta ƙofa da safe, masu walda sun gama aikinsu. Ban tsaya ba.

Ina nan tafe ranar Asabar, motar rana. Ki faɗa wa yaran tun yanzu, kada su yi ta kirana daga baya su zaci shariya nake musu. Ke ma in za ki yi mini magana, ko faɗan ne, ki zo ta gabana inda zan ga fuskarki. Har yanzu da nake rubutun nan injin bai mutu ba, likita kuma ya ce ba zai mutu ba.

Naki har kullum,
Mijinki