Kiɗan da Ya Kawo Ni Gida, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Kin rasu ba ki san abin da ya sa na faɗo miki gida kwatsam ba. Kin tambaye ni, na yi dariya kawai. Yau zan faɗa miki.

A shekarar da ta biyo bayan yaƙin Kuwait ne, ina aikin nas a wani asibiti a Riyad, ina zaune a unguwar Al-Badi'a. Lokacin kina fama da ciwo, duk Juma'a nakan buga waya gidan maƙwabta a kira ki. Kullum maganarki ɗaya ce: "Zazzaɓi ne, ki riƙe aikinki."

A sashen yara akwai wata dattijuwar nas 'yar ƙasar Norway da muke aiki tare. Wata safiya a motar asibiti ta ɗora mini abin sauraron kaset ɗinta a kunne. Ba muryar mutum, ba ganga. Goge ne da yawa suke tafiya tare a hankali, kamar numfashin mai barci. Na tambaye ta kiɗan mene ne.

Ta ce na wani tsohon wasan kwaikwayo ne na ƙasarsu. Wani ɗa ne mai yawon banza da shara ƙarya, ya dawo ya tarar da uwarsa a gadon mutuwa. Bai yi kuka ba. Ya zauna gefenta ya ce tafiya za su yi, yana ba ta labarin hanya har ta cika ba tsoro. Duk lalacewarsa, Inna, yana wurin.

Ranar ban iya cin abinci ba. Fasfona yana hannun mudir, shugabanmu. Na je ofishinsa na ce ko hutu, ko in ajiye aikin. Ya ce, "Halas," wato shi ke nan, ya sa hannu a takardar fita.

Na same ki kin rame har zobenki na zamewa. Kin tuna yammacin da kika ce ba za ki ga Madina ba? Na riƙe hannunki na ce ai mun kama hanya. Ga jan rairayi, ga gonakin dabinon yankin Ƙasim. Kika rufe ido kika ce, "Ki ce wa direba ya rage gudu, ina kallo."

Ba a jima ba kika tafi, kanki a cinyata.

Da na koma Riyad, matar nan 'yar Norway ta gama kwantiraginta ta koma gida. Ban samu na gode mata ba, ko garinsu ban sani ba. Da kin san ta, Inna, da kin ƙulla mata daddawa da kuka, kamar yadda kike yi wa duk wanda ya kyautata wa 'ya'yanki.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata makwancinki, ya sada mu a Aljanna Firdausi.

Taki har abada,
Autarki