Karan Geron da Ka Aiko Daga Hamada

Zuwa ga taubashina Lawali, ɗan Kawu Maƙeri, a duk ramin zinariyar da wannan wasiƙa ta riske ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso Damagaram ranar Talata, kuma na fahimce shi sarai. Na zaɓi in ba ka amsa a wannan shafi nawa, inda kowa zai karanta, domin a bainar jama'a na yi maka laifi.

Wani shofer ne, wato direba, daga Agadas ya sauke shi a gidanku, abu dogo naɗe cikin buhu, da sunana a jiki. Inna, mahaifiyarka, ta aika aka kira ni. Ta kwance igiyar, sai ga karan gero guda ɗaya, ba takarda, ba komai. Ta ce lallai rana ta taɓa maka kai. Ni kuwa, mai digirin lisans a fannin adabi, wanda ba ya rasa kalma, zama na yi dirshan a tsakar gida, ina jujjuya karan a hannuna.

Ka yi haƙuri in yi wa masu karatu bayani, kamar yadda na yi wa Inna.

Kana tuna shagon kallo na unguwar Birni, inda muka fara ganin zanen Japanawa mai motsi? Mayaƙa biyu ne almajiran malami ɗaya. Na farko ɗan gidan girma, takobinsa fari tas, kowane sara nasa da suna da ƙa'ida. Na biyu bahago, takobinsa duk giɓi, ba ya haddace komai, sai dai ya faɗi ya tashi. Karo ɗaya tsakaninsu kan cinye mana mako guda. Tun ranar farko na ɗauki mai farin takobi, ka ɗauki bahagon, ba wanda ya yi shawara da wani.

Ko a lokacin idon maƙeri gare ka. Duk sanda takubban suka haɗu wuta ta tashi, mu muna ihu, kai kana girgiza kai kana cewa, “Ƙarfen da aka haɗa baki da baki haka, gobe sai maƙera.”

Bayan kaka, in aka kai mu gonar kakanmu a Gaffati, kara ne takubbanmu. Mu muka kafa wa kanmu doka. Wanda ya miƙa wa ɗan'uwansa lafiyayyen kara, yana neman karo. Wanda ya karya nasa da hannunsa, ya fita daga wasan har abada. Mun kumbura wa juna yatsu, ka taɓa tsaga mini gira, amma cikinmu ba wanda ya taɓa karya kara.

Faifan ƙarshe na shagon ya karce, saboda haka ba mu taɓa ganin yadda karon ƙarshe ya kaya ba. Shekara da shekaru muna muhawara a kai. Na wuce lise, wato babbar sakandare, na ci jarrabawar bak, ka koma bakin zugazugi wajen Kawu, muhawarar ba ta mutu ba.

Sai ranar da na karɓi sakamakon lisans. Muna fada, wato majalisarmu ta samari, abokai sun kewaye butar shayi, kaina ya yi girma. Na gabatar da abin da na kira tahlili na falsafa: wai marubucin bai halicci bahagon don komai ba sai don ya zama dutsen da mai ilimi zai wasa takobinsa a kai. Da na tsaya nan, da sauƙi. Na dube ka na ƙara da cewa a zuri'armu ma haka aka tsara. Aka yi dariya. Na fake da wasan taubasai, alhali na san ba wasa nake ba.

Ka miƙe. Ka zaro kara daga darnin da ke bayanka, ka karya shi a gwiwa, ka ajiye kusa da gawayi, ka tafi. A duk fadar ni kaɗai na san abin da ka faɗa.

Bayan mako biyu ka bi mota zuwa arewa. Wata goma sha huɗu, Lawali. Lambarka ba ta shiga. Da aka ce wani rami ya rufta da mutane, na yi kwanaki ina bin tasha ina nuna hotonka ga masu dawowa. Abin da ya fi cin raina shi ne, in ta Allah ta kasance, karyayyen karan nan shi ne maganarmu ta ƙarshe.

Shi ya sa na duba wanda ka aiko gaɓa-gaɓa. Ko tsaga babu. Ban san inda ka samo shi a ƙasar da gero ba ya tsiro ba, ko darnin wa ka yi wa ɓarna. Na gaya wa Inna cewa a duniya mutum ɗaya ne zai iya aiko wannan, kuma da hankalinsa ya aiko. Ta rungume karan, ta hana ni tafiya da shi. Yana rataye a ɗakinta.

Na janye tahlilina baki ɗaya. Ban yi gaskiya ba, ka yafe mini.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Tun watan da ka tafi na samu kashin ƙarshe na zanen Japanawan nan, yana cikin wayata. Ban buɗe ba. Har yanzu ina nan kan bakana cewa mai farin takobi zai yi nasara, amma ba zan kalla ni kaɗai ba.

Allah Ya tsare ka a cikin rami da wajensa, Ya kare ka daga ƙishirwar hanya, Ya maido ka gaban Inna da ƙafafunka. Amin.

Jiya na je Gaffati na yanko nawa karan. Na amsa kira.

Taubashinka mai tabo a gira,
Isuhu