Idon Iska

Zuwa ga maigidana, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, abokin gardamata, malamin Turancina!

Yau ma na dawo daga asibiti na zauna gaban keken ɗinki, ƙafata tana takawa, ban san me nake ɗinkawa ba. Yayarka sai yabon haƙurina take yi. Ba haƙuri ba ne, Malam. Tun ranar da ka yanke jiki ka faɗi a aji, ɓarin jikinka ya shanye, jikina ya zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, ko an tsikare ni ba na ji. Kuka ma ya ƙi zuwa.

Ka tuna ranar da ka raka ni awon labule a wani sabon gida? Ina fama da tef ɗin awo, kana bayana da surutunka. Ka ce kalmar nan window, da muke ce wa windo, Turawan ma aro suka yi daga wasu tsofaffin matuƙa jirgin ruwa na ƙasashen sanyi, ma'anarta idon iska. Da can ɗan rami ne a rufin ɗaki, hayaƙi ya fita, haske ya shigo. Daga baya ta zama ta gilashi, ta mota, har ta kwamfuta. "Ke kuma," ka ce, "da rufe wa iska ido kike cin abinci." Na ce ka riƙe min bakin tef ka yi shiru. Wayyo ni! Wa ya aike ni?

Jiya ka ɗaga hannunka mai lafiya ka nuna tagar gefen gadonka. Bakinka ya yi ta motsi, kalmar ta ƙi fitowa, kai da kalmomi ke bi kamar kaji sun ga mai tsaba. Na sunkuya na mayar maka da labarin kaf, ban bar ko matuƙan ba. Ka daɗe kana kallona, sannan ka ce, "Sannu da aiki, nas."

Na ce, "Yauwa." Me zan ce?

Jibi za su sallame ka. Likita ya ce mai yiwuwa ka gane ni wata rana, mai yiwuwa a'a. Ya hasken gidana, ka daure ka tuno ni mana! In kuma ba hali, shi ke nan. Zan yi maka wanka, in ba ka abinci a baki, in amsa duk sunan da ka kira ni da shi.

Taka har ƙarshen numfashi,
matar da ka aura, ko ka sani ko ba ka sani ba.